Tumatin almuru: wa ke biyan arahar da muke ci?

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da laifina tun kafin in taɓa na wani, don an ce gwano ba ya jin warin jikinsa.

Mu huɗu ne a ɗaki guda da muke haya a Maraɗi, tukunyarmu ɗaya. Duk wanda ya yi irin wannan zama ya san abincinmu ba sai na faɗa ba: yau shinkafa da mai da tonka, gobe maka, jibi garin rogo da ƙuli-ƙuli, ranar da aka samu wake kuwa salla ce. Ciki yana cika, mu a ganinmu an ci abinci ke nan. Bara da dari sai ɗaya daga cikinmu ya fara kasala. In ya miƙe jiri ya ɗebe shi, in ya zauna karatu bacci ya sace shi. A gidan likita aka auna shi aka ce jininsa ya yi ƙasa. Aka rubuta masa ordinansi, aka ce kuma ya riƙa cin ganye da ƴaƴan itace kullum. Da ya dawo ya maimaita mana maganar, duk muka fashe da dariya. Kullum? Da wane kuɗin?

Dariyar ba ta daɗe ba. Da muka ga abin da aka biya a farmasi, muka gane ya fi ƙarfin abin da za mu kashe wa ganye a wata guda. Sai muka yanke shawara kowa ya riƙa aje dala 10 kullum, dala 40 ke nan, a sayi kayan garka. Ni aka ɗora wa cefanen, wai don na fi kowa baki a ciniki.

Ban yi sati ba na gano dabara. Mai tumati ba ta da firigo. Abin da ba ta sayar ba yau, gobe ya yi laushi, jibi sai zubarwa. Saboda haka na daina zuwa kasuwa da safe. Sai rana ta yi ja, masu tire sun fara kallon hanyar gida, sannan in ɓullo. In taya rabin kuɗi, in an ce albarka in juya kamar zan tafi, na san za a kira ni. Nakan dawo ɗaki da leda cike, ƴan ɗakinmu suna yi mini kirari. Har alfahari nake yi.

Wata ranar Laraba na tsaya gaban wata tsohuwa da ke kawo kaya daga wani ƙauye na bakin gulbi. Kashi 3 na tumati suka rage mata, kowane kashi dala 20. Na ce, "Inna, in kwashe duka dala 25?" Ta ce albarka. Na ce ai can gaba an bar mini haka. Ƙarya nake yi, ban taya ko'ina ba. Na juya na yi taku kamar biyar, sai na ji ta ce, "Zo, ɗana." Tana zuba mini a leda tana cewa, ba da faɗa ba, "Ɗauki. Ba tayinka ba na ya kai, dare na ya yi. Ko kuɗin mota ba su hita ba." Sannan ta ɗauko tattasai biyu ta ɗora a sama, ta ce ga gyara.

Gyaran nan shi ya hana ni sakat. Da zagina ta yi, da na manta da ita kafin in kai gida. A daren nan an yi miya mai daɗi, amma ni tambaya ɗaya nake ta taunawa, ita ce kuma na kawo muku: dala 35 ɗin da suka rage a aljihuna, daga ina suka fito? Shin na cuce ta, ko kuwa ciniki kawai na iya?

Da na faɗa wa ƴan ɗakinmu, wanda ke karatun tattalin arziki ya ce, "Kai dai ka cika wahal da kanka. Sata ka yi? Ita ta kira ka da bakinta. Da ba ka saya ba ma da ya ruɓe, ta tashi ba tumati ba kuɗi. Taimakonta ka yi. Kuma kai ɗan wane attajiri ne? Talaka ya sayi kayan talaka, mi ya yi zahi?"

Ba zan ce maganarsa banza ce ba, akwai gaskiya a cikinta. Faɗuwar farashi da yamma ba ni na ƙirƙiro ta ba, halin kaya mai ruɓewa ne. Kuma son araha ga wanda ba shi da shi ba kwaɗayi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana ba da shawara mutum ya ci aƙalla garam 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace a rana, ban da dankali da rogo. Mu huɗu, kilo ɗaya da rabi da ɗoriya ke nan kullum. Jiki bai san ɗalibi ba shi da kuɗi ba, haƙƙinsa yake nema. Rashin sinadarin ƙarfe yana kawo ƙarancin jini irin na abokinmu, rashin bitamin A yana kawo dundumi. In lafiya uwar jiki ce, to neman abin da ke riƙe ta a kuɗin da kake iyawa wajibi ne, ba abin kunya ba.

Amma da na kwanta na yi ta juya maganar, sai na ga wurare biyu da ba ta rufe ba.

Na farko, ƙaryar. Tun muna yara an karantar da mu cewa ciniki da yardar juna yake tsayuwa, kuma sauƙin hali ana son sa ga mai saye kamar yadda ake son sa ga mai sayarwa. To yardar da na samu daga tsohuwar nan, wace iri ce? Na jira lokacin da ba ta da mafita, na ƙara mata da labarin ƙarya don ta ɗauka kayanta sun fi haka faɗuwa. Bakinta ya ce na sallama, gaskiya ne. Amma dare da ƙaryata su suka buɗe bakin. Da ita ce ta ɓoye mini ruɓaɓɓe a ƙarƙashin kashi, da na kira ta macuciya ba tare da wani dogon tunani ba. Me ya sa algus ɗin mai sayarwa muke ganinsa zunubi, na mai saye kuma mu kira shi wayo?

Na biyu ya fi yi mini ciwo. Na tambayi kaina: a ina nake nuna wannan bakin cinikin nawa? Ban taɓa taya katin waya ba. Ban taɓa cewa mai farmasi ya rage mini ba. In na shiga kanti sayen sukari ko gwangwanin tumatin da aka yo odarsa daga ƙasar waje, abin da aka faɗa shi nake miƙawa, baki alaikum. Mai isansi a tasha ba a yi masa tayi. Duk jarumtata a gaban tire take, gaban tsohuwa da yarinya mai talla da dattijon da ya turo baro daga garka. Wato ina ciniki ne kawai da wanda kayansa ke mutuwa a hannunsa. Mai ƙarfi in biya shi cif, marar ƙarfi in matse shi. In wannan ne iya ciniki, to sunansa na gaskiya daban ne.

Ku tuna kuma abin da ke bayan kashin tumati guda. Wanda ya taɓa leƙa garkunan Jiratawa ko na gefen Tibiri ya gani da idonsa. A gyara fangali, a sayi iri, a yi reno, a dasa. Taki da kuɗi, maganin ƙwari da kuɗi, injin ban ruwa ba ya tashi sai da isansi, wanda ba shi da inji kuwa guga ce da ƙarfin kafaɗa, safe da yamma. Wata uku ko fiye ana wannan bauta kafin a tsinki ɗa guda. Ranar da ya nuna kuma, na kowa ya nuna, kasuwa ta cika maƙil, farashi ya zube. Haka albasa take a Galmi, wadda sunanta ya kai Gana da Kodibuwa. Da an haƙe ta buhu yana arha, bayan ƴan watanni ya ninka. Mai rudu da ɗan abin hannu shi ke iya aje ta ya jira. Wanda bashi ke wuyansa a bakin gona yake sayarwa. A ko'ina ribar tana tafiya wurin wanda zai iya jira, asarar tana sauka kan wanda ba ya iyawa. Ni da almuru, ɗan ƙaramin mai jira ne.

To yanzu ina mafita? In daina neman araha in koma wa shinkafa da tonka? Ko in riƙa biyan duk abin da aka faɗa, dala 40 ɗinmu ta ƙare a kashi biyu? Ko ɗaya ba zai yiwu ba. Abin da na fahimta shi ne araha iri biyu ce. Akwai wadda ke fitowa daga yalwa, akwai wadda ke fitowa daga matsi. Ta farko kana samun ta ne don abin ya yi yawa, ko yana kusa, ko lokacinsa ne. Ta biyu kana samun ta ne don wani ya rasa yadda zai yi. A leda kamarsu ɗaya, amma ta biyu akwai wanda ya biya maka cikon da guminsa.

Da na fara neman ta farkon, sai na ga ashe ta fi yadda nake zato yawa, ni ne ban iya kallo ba.

Ƙasarmu tana da kalandarta. Da dari garka ke mulki: tumati, salati, shu, karoti, albasa mai lawashi, ga magarya da aduwa da kanya daga daji. Da bazara mangwaro ya sauka har yara su ƙoshi. Damina kuwa tumati ya yi tsada kamar zinariya, amma a lokacin ne ƙasa ke ba da rama, yakuwa, tafasa, lalo, alayyafo da kuɓewa ɗanya. Da kaka ga kabewa, ga yalo, ga kankana. Zogala ita kusan kullum tana nan, albarkacin ban ruwan gulbi, har ana loda ta a buhuna zuwa Yamai. Mai bin wannan kalanda ba ya rasa abu ɗaya mai sauƙi a kowane wata. Wanda ya nace sai salati a watan Agusta shi ke kuka da tsada.

Nan ne na ci karo da wani laifin namu, mu ƴan boko musamman. In an ce mana ƴaƴan itace, tuffa muke gani a ido, mai sheƙi, wadda ta ƙetaro teku, ko ayaba da abarba da suka kwana a mota daga kudu. In an ce goriba ko magarya sai mu ce kayan yara. In an ce kwaɗon tafasa sai mu tuna wahala. Ban ce babu dalili ba. Kakanninmu sun ci ganye a shekarun fari don babu hatsi, kuma a 2005 duniya ta ga hotunan matan yankinmu suna tsinkar ganye da anza. Tun daga nan ganye ya zama a ranmu alamar gidan da rumbu ya ƙare. Yaro in ya shigo birni karatu, abu na farko da yake son ya nuna shi ne ya wuce wannan matsayi. Sai ka gan shi da biredi da lemun kwalba yana jin ya waye.

Amma jiki bai san wayewa ba. Kuɗin tuffa guda zai saya maka kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli da albasa da za ka ci ka sha ruwa. Ganyen zogala yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Garin ƴaƴan kuka da muke tsotsa muna yara cike yake da bitamin C. In ka matsa lemun tsami a kan kwaɗo, jiki ya fi ɗaukar ƙarfen da ke cikin ganyen. In ka bi shi nan take da shayi mai kauri, ka rage masa ɗauka. Wannan na ƙarshe sai da na yi ta faɗa a fadarmu kafin a yarda a riƙa jinkirta butar shayi bayan cin abinci. Ashe rabin tsadar da muke kuka da ita, tsadar girman kai ce. Mun raina abin da ke ƙofar gida, muna hangen na nesa.

Iyayenmu mata kuma sun daɗe da amsar da mu muke nema a littafi. Lokacin da tumati ya yi yawa suna yanka shi su shanya ya zama kauɗa. Kuɓewa a yanka a busar, ganyen albasa a yi gabu, kuka a daka, zogala a shanya ta a inuwa don kada rana ta cinye amfaninta. Muka gwada. A watan Fabrairu muka haɗa kuɗin sati biyu muka sayi kwando guda da safe, a farashin da kowa ke saye, muka shanya a kan tabarma bayan ɗaki. Kauɗar nan ta kai mu cikin damina.

Ba zan ɓoye muku ba, ko wannan arahar ta yalwa ba tsarkakakkiya ba ce sarai. Ranar da kwando ya faɗi, manomi ba dariya yake yi ba. Bambancin dai shi ne ban ƙara masa da ƙarya ba, ban jira ya durƙusa ba, kuma kwandon da na ɗauka ya rage masa abin da zai zubar. Akwai ma wani ƙulli. Wani ya ce mu riƙa zuwa garka kai tsaye mu tsallake masu sari. Shawara ce mai kyau ga aljihu. To amma tsohuwar nan tawa ai ita ma mai sari ce, a garka take ɗauka ta kawo gari, ɗan abin da ke tsakani shi ne tuwon jikokinta. In kowa ya tsallake ta, ina za ta? Na gane ba a cin abinci a duniya ba tare da hannunka ya taɓa rayuwar wani ba. Abin da ya rage maka shi ne ka san wa kake taɓawa, kuma ka taɓa shi da adalci.

Ban kuma ce gyaran hali zai warware komai ba. Magidanci mai baki goma a gida, garam 400 ɗin nan kilo 4 ne gare shi kullum. Wa'azi ba zai saya masa ba. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a ga noman rani, garkuna suka yawaita a ƙasa. Noman ya samu, amma har yau ajiya da sarrafawa suna baya. Shi ya sa da dari muke zubar da tumati, da damina mu sayi na gwangwani. Ƙasar da ke da albasar Galmi, tattasan Difa, lemun Timiya da raken Matamaye bai kamata ɗanta ya yi jiri don rashin ganye ba. Mu da ke karatun noma da lafiya da tattalin arziki, wannan aikin yana jiranmu. Sai dai kafin mu gyara kasuwar ƙasa, akwai kasuwar da kowannenmu ke shiga yau da yamma.

Mu yi wa kanmu lissafi na gaskiya kuma. Na zauna na haɗa abin da nake kashewa a sati wajen sayen intanet a waya da karo-karon shayi da sukari. Ya ninka kuɗin ganyena fiye da sau biyu. Ban ce a bar waya ko a tashi fada ba, ni ma ina ciki. Amma mutumin da ke da dala 100 ta kallon bidiyo, in ya tsaya yana murɗe tsohuwa a kan dala 5, kada ya ce talauci ne ya sa shi.

Ga yadda muka ƙare da Inna. Na koma wurinta da safe, abin da ban saba ba. Na gaishe ta, na ce, "Inna, rannan ƙarya na yi miki, babu inda aka bar mini dala 25." Ta dube ni ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ai na sani, ɗana. Shekara nawa ina wanga zama? Kowa haka ya ka cewa." Na miƙa mata cikon kuɗinta, ta ƙi karɓa, ta ce ciniki ya riga ya faɗa. Da na matsa sai ta karɓa, ta cika mini hannu da yalo.

Tun daga ranar muka zama abokan cinikinta. Kowane kwana biyu nakan je. Ita ke gaya mini abin da ya yi sauƙi a satin, ta ce bar salati yau, ɗauki shu. Tumatin da ya fara laushi, wanda ya dace da miya, takan ware mana shi a gefe, ita ke yanke masa kuɗi, kuma wallahi sau da yawa abin da take faɗa bai kai abin da nake shirin tayawa ba. Ina tayi har yanzu, ban zama waliyyi ba, ita ma ba ta son ciniki marar ja-in-ja. Abin da na bari abu biyu ne: ƙarya, da jiran dare ya yi mini ciniki. Abokinmu kuwa ya sha maganinsa, yana cin kwaɗo kusan kullum, jirin ya bar shi.

Mai tattalin arzikin namu har yau bai sallama ba. Ya ce na mai da kasuwa gidan zumunci, kuma in kowa ya yi haka farashi ba zai faɗi gaskiya ba. Na ce masa farashin da ƙarya ta haifa ai shi ma ba gaskiya yake faɗi ba. Muna nan muna ja, a kan kwano ɗaya.

Ku kuma, ƴan uwa, ga abin da nake roƙo. Yawancinmu da kuɗin gona da na talla aka kawo mu inda muke. Wani uwarsa ce ke zaune bayan tire a kasuwar ƙauyensu a daidai wannan lokaci, tana jiran a saya ta aiko masa da na sabulu. Gobe in ka tsaya gaban mai tumati, kafin ka buɗe baki, ka tambayi kanka ko za ka so wani ɗalibi ya yi wa taka uwar irin tayin da kake shirin yi. In ka ga za ka so, to taya, Allah ya sa albarka. Wanda yake ganin na yi kuskure kuma, ya rubuto a fitowa ta gaba, ina saurare.